Jami'a, ƙungiyar tallafi, kamfani ko gamayyar makarantu: da wa za ku haɗa gwiwa kan darasin na'ura a Sakkwato?

Wata Hajiya mai makarantar firamare haɗe da Islamiyya a Mabera ta tare ni bayan wani taron malamai, da takardu uku a jakarta. Ta farko daga wani malamin jami'a ce, yana son ya gwada darussan karatun Hausa na murya a aji biyu. Ta biyu daga wata ƙungiya mai aiki da kuɗin ƙasashen waje. Ta uku ta wani kamfani ce da ya yi alkawarin kawo kwamfutocin hannu, zangon farko kyauta. Dukansu sun kira abin nasu haɗin gwiwar bincike. Ta ce, "Malam, wacce zan sa wa hannu?" Amsar da na ba ta a tsaye ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, dominta da duk mai irin wannan tunani, ko hedimasta ne, ko mai makaranta, ko sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Na kuma ƙara zaɓi na huɗu wanda ba wanda ya kawo mata takardarsa.

Tambayar da nake son ku riƙe tun daga nan ita ce: ranar da yarjejeniya ta ƙare, baƙi suka koma inda suka fito, me zai rage a hannun makaranta?

Ma'aunan da za a auna da su

Kafin ma'auni, ga abin da bincike ya riga ya nuna, domin shi ne dalilin da ya sa ba na fara kallon kyan na'ura. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci, amma da masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka auna, rahotonsu na 2012 bai ga ƙarin ƙoƙari a lissafi ko karatun harshe ba. A Kisumu ta Kenya an gwada hanyoyi uku: na'urar karatu a hannun kowane yaro, kwamfutar hannu ga malamin aji, da kwamfutar hannu ga mai zagayawa yana horar da malamai. Wadda ta fi biyan kuɗinta ita ce ta mai horarwa, mai na'urori mafi ƙaranci. A maƙwabciyarmu Nijar kuwa, a yankunan Dosso da Damagaram, an haɗa ajin yaƙi da jahilci na manya da koyon aika saƙo a ƙaramar waya, cikin Hausa da Zabarmanci, kuma waɗanda suka samu wayar sun fi sauran a rubutu da lissafi. Abin da ya yi aiki a ko'ina shi ne malami da tsararren darasi. Na'ura tana taimaka musu ne kawai.

Ma'auni na farko kuɗi ne, kuma ba farashin ranar saye nake nufi ba. A lissafa sola da batir, caja, data, gyaran gilashin da ya fashe, alawus ɗin malamin da zai zauna bayan tashi, sannan a tambaya wa zai biya a shekara ta uku. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 duk abin da ake shigowa da shi da dala ya tashi, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari.

Na biyu ɗorewa, kuma fuska biyu gare ta. Akwai ɗorewar ƙarfe: daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, batir yana kumbura a ofis mai rufin kwano, ƙurar hunturu kuma tana toshe ramin caji. Akwai kuma ɗorewar aikin kansa bayan kuɗin baƙi sun tsaya.

Na uku sauƙi. Malamar da ajinta ya cika maƙil, za ta iya kunna abin ta fara darasi cikin minti biyar ba tare da ta kira wani ba? Yana aiki ba intanet? Kada a manta a watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Harshe ma yana cikin sauƙi. Ku sa mai kawo manhaja ya rubuta muku "baki" da "baƙi", "kafa" da "ƙafa" a kan allon na'urarsa. In haruffa masu lanƙwasa ba su fito ba, ko muryar da ke karantawa ba ta bambanta su, to wannan ba ta koyar da karatun Hausa ba ce.

Na huɗu kasada: bayanan yara, mallakar darussan da malamanku suka sha wahalar rubutawa, da lokacin aji da zai salwanta in gwajin bai yi ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta neman yardar uba ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro. Hoton yarinya da muryarta amana ce da iyaye suka ba makaranta, ba mallakar hedimasta ba ce da zai yi kyauta da ita.

Zaɓi na ɗaya: jami'a ko kwalejin ilimi

A nan muna da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar ilimi, da sashen harsunan Najeriya, da Cibiyar Nazarin Hausa, har da Cibiyar Binciken Makamashi da ta daɗe tana aiki a kan hasken rana. Ga Jami'ar Jihar Sakkwato, ga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wadda ɗalibanta dama suke shiga makarantunmu aikin koyon koyarwa. Wanda zai duba ƙa'idar rubutun darasi, da wanda zai tsara gwaji, da wanda zai auna ƙarfin solar da ake buƙata, duk suna cikin gari ɗaya.

Ta fuskar kuɗi, makaranta ba ta biyan abin kirki, amma kuma kada ta sa ran za a cika mata aji da na'urori. Malamin jami'a yakan yi aikin ne da tallafin asusun TETFund, wanda manyan makarantun gwamnati kaɗai ke cin gajiyarsa. Akwai ƙaramin tallafin bincike da ake bayarwa ta hannun jami'ar, akwai babba na ƙasa da ake gasa a kansa. Ƙaramin ba ya wuce sayen 'yan na'urori, sufuri da buga takardun gwaji. Wani lokacin ma ɗalibin digiri na biyu ne ko na uku yake yi daga aljihunsa.

Ɗorewar dangantaka ita ce babbar ribarsa. Malamin ba zai koma wata ƙasa ba. In abu ya lalace, kun san ofishinsa a Dundaye, wataƙila ma kuna haɗuwa a masallacin Juma'a. Yana jin Sakkwatanci, ya san yaron da ke faɗin kalma yadda ake faɗinta a gidansu ba kuskure ya yi ba, bambanci ne tsakanin karin harshensa da daidaitacciyar Hausa ta littafi. Wannan fahimta ba ƙaramar aba ba ce a gwajin karatu, domin mai gwajin da bai san haka ba zai kayar da yaron da ya iya.

Matsalarsa jinkiri. Amincewar kwamiti, sakin kuɗi, hutun zango, duk suna cin lokaci, kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kalandar firamare ba ta jiran ta jami'a. Kasada ta biyu na gan ta da idona: wani mai bincike ya yi mako shida a makarantar da nake taimaka wa, ya gwada yara, ya tafi, kuma har yau malaman ba su ga sakamakon ba. Buƙatarsa ta kammala kundi ce da samun ƙarin girma, wanda ba laifi ba ne, amma buƙatarku daban ce. Saboda haka a rubuta a yarjejeniya cewa zai dawo ya bayyana wa malamai da iyaye sakamako da Hausa, kuma kwafin duk darasin da aka naɗa zai zauna a makaranta, da izinin ci gaba da amfani da shi.

Zaɓi na biyu: ƙungiyoyin tallafi da hukumomin ƙasashen waje

Gaskiya ce a faɗa, mafi ingancin aikin koyar da karatun Hausa da aka yi a jihar nan a 'yan shekarun baya ta wannan ƙofa ya shigo. A 2014 da 2015, wani shirin bincike da hukumar USAID ta gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi, mai suna RARA, ya gwada jagoran malami da littafin ɗalibi na Hausa ga 'yan aji biyu na firamare a Bauchi da Sakkwato, ana kwatanta makarantun da suka samu da waɗanda ba su samu ba. Daga 2015 shirin NEI Plus ya ɗora a kai, ya fito da littattafan "Mu Karanta" na aji ɗaya zuwa uku, waɗanda malamai da yawa a nan suka sani. UNICEF, da kuɗin Birtaniya, ta gudanar da kashi na uku na shirin ilimin 'ya'ya mata daga 2012 zuwa 2022, Sakkwato na cikin jihohinsa. A Maris ɗin 2022 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF, da fasahar Microsoft, suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, wanda ke da darussa da Turanci, Hausa, Igbo da Yarbanci, kuma rajistarsa kyauta ce.

Kuɗi dai nasu ne, kuma suna da shi fiye da kowa a wannan jeri. Suna kawo horo, kayan aiki, masu sa ido, da gwaji mai tsari wanda ake yi kafin a fara da bayan an gama. Malamin da ya shiga horonsu yakan fito da abin da zai amfane shi har ya yi ritaya. Ta fuskar sauƙi kuwa, shigar ce mai wuya: yawancinsu ta hannun ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) suke bi, su ne ke zaɓar ƙananan hukumomi da makarantu, kuma makarantun gwamnati suka fi mayar da hankali a kai. Mai makaranta mai zaman kanta kamar Hajiya, in takarda irin wannan ta zo mata, ta fara tabbatar da cewa ma'aikata ta san da ƙungiyar, ta kuma san wace babbar hukuma ce ke ba ta kuɗi. In an shiga, akwai cike-ciken takardu da tarurrukan da kan ɗauke malami daga aji.

Ɗorewa ita ce inda nake jin tsoro, kuma ba zato nake yi ba. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, kafin watan Yuli ya wuce an rufe USAID ɗin kanta. Ayyuka da yawa a faɗin duniya sun tsaya a tsakiyar hanya, ba don sun gaza ba, sai don an yanke shawara a Washinton. Ko ba irin wannan girgiza, shiri na shekara uku ne ko biyar. Ranar da alawus ya tsaya, ziyarar masu sa ido ta tsaya, sai a ga kwamfutocin hannu a kulle cikin kabad saboda hedimasta na tsoron a ce shi ya lalata su. Zanen aro ba ya rufe katara. Abin da ya rage daga shirye-shiryen baya shi ne littafin da aka buga da malamin da aka horar, domin su ba sa buƙatar lambar sirri daga Abuja. Don haka in za ku shiga, ku nemi a bar muku darussan a kan memori ko a kwamfutar makaranta, a ƙarƙashin lasisin da ya halatta kwafa da gyarawa, kuma a horar da aƙalla mutum biyu a kan gyaran ƙananan matsaloli, ba mutum ɗaya da za a iya yi wa canjin wurin aiki ba.

Zaɓi na uku: kamfanin manhaja

Wannan shi ne mafi sauri da kyan gani. Kamfanonin gida irin uLesson, wanda aka kafa a 2019, sun nuna ana iya shirya bidiyon darasi mai kyau bisa tsarin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Akwai kuma shaidar cewa manhajar da ke gane matakin kowane yaro ta ba shi aiki daidai da shi tana iya yin tasiri: gwajin manhajar Mindspark a birnin Delhi na Indiya ya nuna ƙaruwa sosai a lissafi da harshen Hindi cikin kimanin wata huɗu da rabi. Sai dai yaran can sun yi ne a cibiyoyi masu wuta da mai kula da su, bayan an tashi daga makaranta.

Lissafin kuɗinsa kowa zai iya yi. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, an ce naira 2,000 kowane yaro a zango. Makaranta mai yara 300 za ta biya 600,000 a zango, wato 1,800,000 a shekara, ban da data da wuta, kuma ranar da aka daina biya darasi ya rufe. Zangon farko na kyauta ba ya canja wannan lissafi. Yawancin kayan kasuwa da Turanci suke, sun fi dacewa da 'yan sakandare. Ɗan aji ɗaya da bai gama sanin baƙaƙe da wasulan Hausa ba, ba shi aka yi wa su ba.

Babbar kasadar ita ce mai kaya shi ne mai auna kayansa. Adadin sa'o'in da yara suka yi suna kallo ba shaidar koyo ba ce. In kamfani da gaske yake, zai yarda wani na daban, misali malamin kwalejin ilimi, ya yi gwajin farko da na ƙarshe. Ku tambaye shi kuma ina ake ajiye bayanan yara, wa ke ganinsu, da yadda za a goge su in kun raba gari.

Zaɓi na huɗu: gamayyar makarantu da buɗaɗɗun darussa

Makarantu biyar ko shida na unguwa ɗaya su haɗa kuɗi da malamai, su ɗauki kayan da aka riga aka sake kyauta, su ƙara nasu. Manhajar Kolibri, ta ƙungiyar Learning Equality, kyauta ce kuma an yi ta ne don wurin da ba intanet: ana ɗora ta a tsohuwar kwamfuta ko 'yar ƙaramar na'urar Raspberry Pi, ta riƙa rarraba darasi zuwa wayoyi da kwamfutocin hannu da ke cikin aji. Dandalin African Storybook da Bloom Library suna da labaran yara da Hausa a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, ana iya saukewa, a buga, galibi har a gyara. Malama mai daɗin murya ta naɗi karatun a waya, a zuba a memori, a saka a rediyo mai cin memori irin wadda ke kowace kasuwa. Mai gyaran waya na bakin titi zai iya gyara kusan duk abin da ke cikin wannan tsari.

Zuciyata ta fi karkata ga wannan zaɓi, kuma ba na ɓoyewa. Garin da Nana Asma'u ta tsara jajis, wato mata malamai masu zagayawa, suna ɗaukar karatu cikin waƙa suna kai wa matan ƙauyuka, ba sabon abu ba ne a gare shi a shirya darasi a wuri ɗaya, a ba amintattu su kai shi inda malami bai isa ba. Amma son da nake masa ba zai hana ni faɗin aibinsa ba. Shi ne mafi wahalar farawa. Yana rataye ne a wuyan mutum ɗaya ko biyu masu himma, in suka gaji ya mutu. Ingancin darasi yakan bambanta, kuskuren rubutu yana shiga, kuma ba mai auna ko yara na ƙaruwa, sai kowa ya riƙa cewa "muna ganin canji". Ba bincike ba ne sai an samo mai aunawa daga waje.

| Zaɓi | Kuɗin makaranta | Ɗorewa | Sauƙi | Babbar kasada |
|---|---|---|---|---|
| Jami'a ko kwaleji | Kaɗan, kaya ma kaɗan | Dangantaka mai daɗewa | Jinkirin farawa | A tafi da sakamako, yajin aiki |
| Ƙungiyar tallafi | Kusan babu a farko | Iyakar wa'adin shiri | Shiga da wuya, horo mai kyau | Yankewar kuɗi ba zato |
| Kamfani | Mai yawa, kowane zango | Muddin ana biya | Mafi sauƙin farawa | Bayanan yara, auna kai da kai |
| Gamayyar makarantu | Matsakaici a farko, kaɗan daga baya | Mai kyau in akwai masu riƙewa | Mafi wahala a farko | Raunin inganci, rashin gwaji |

Wanne ya dace da wa

Makarantar gwamnati a Gwadabawa ko Bodinga da ma'aikata ta saka cikin shirin wata hukumar tallafi, ta karɓa hannu bibbiyu, ta tura malamanta kowane horo, amma tun makon farko kwamitin kula da makaranta ya zauna ya yanke wa zai sayi batir bayan shirin ya ƙare.

Sakandare mai zaman kanta a cikin gari, mai sola da iyayen da za su iya ƙarin kuɗi, wadda damuwarta sakamakon WAEC da JAMB ne a lissafi da kimiyya, kamfani zai fi yi mata. Ta fara da aji ɗaya da zango ɗaya, ta sa wani daga waje ya auna, kada ta sa hannu a kan shekara uku tun kafin ta ga sakamako.

Makarantar da ke gabashin jiha, wajen Isa ko Sabon Birni, inda sabis da tsaro ba su da tabbas, ko makarantar 'ya'yan makiyaya da ke buƙatar darasi da Fulfulde, kada ta ɗauki duk abin da ba ya aiki sai da intanet. Murya a memori da littafi a hannu su ne nata.

Malamin jami'a ko kwaleji da ke neman inda zai yi bincike, ya nemi gamayyar makarantun da ta riga ta fara wani abu da kanta. Zai tarar da malamai masu son a auna aikinsu, abin da ba kullum ake samu ba.

Hajiya kuwa, yaranta 'yan aji ɗaya zuwa uku ne, matsalarsu karatun Hausa, kuɗin makarantarta kuma ba ya ɗaukar ƙari. Na ce mata ta ajiye takardar kamfani, ta kai takardar ƙungiyar zuwa ma'aikatar ilimi a tantance mata, ta kira malamin jami'ar su zauna. Sharuɗɗa uku na ce ta gindaya masa: malamanta ne za su naɗi darussan da muryarsu, kwafi zai zauna a kwamfutar makaranta, kuma zai dawo ranar taron iyaye ya karanta sakamako da Hausa. In ya amince, ta gayyaci makarantu biyu na maƙwabta su shigo, a raba kuɗin sola uku.